Majami'ar Baƙi a Birnin Katsinawa: Tarihin Ikilisiyar Katolika ta Maraɗi

Duk wanda ya san ƙasar Ajekoriya, wato wannan yanki na manoman gero da wake da ke cikin gundumar Dakwaro, ƙarƙashin sarautar Kwarnaka, inda gonakin jigawa suke miƙewa arewa har su fara cuɗanya da makiyayar Fulani da Buzaye, ya san ba wurin da ake jin ƙararrawar majami'a ba ne. Kiran salla ke tashin mutane da asuba, wutar makarantar allo ke tara yara bayan magariba, kuma in aka ce wane malami ne, ba a bukatar a faɗi ko wane littafi yake karantarwa. Amma duk da haka sunan mishan ba baƙo ba ne a kunnen mutanen wannan nahiya, domin wani ya ji shi a bakin rijiya, wani a wurin rabon hatsi a shekarar yunwa, wani kuma a bakin wani ma'aikacin gwamnati ɗan kudu da aka aiko ya karantar da yara ko ya yi allura, wanda ran Lahadi yakan sa tufafinsa masu kyau ya shiga ɗaki ya yi ibadarsa shi kaɗai. Cibiyar wannan mishan, in ta ɗariƙar Katolika ake nufi, tana Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 100 kudu, a majami'ar da ake kira Notre-Dame de Lourdes. Kuma tarihinta, ko da yake na jama'a ƙalilan ne, ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yana bayyana wani sashe na halin Ƙasar Hausa da ba a cika ambatonsa ba.

Alal haƙiƙa ba a zamanin Faransa aka fara ganin limaman Katolika a wannan ƙasa ba. A shekarar 1710, bayan da labari ya kai Roma cewa wai akwai Kiristoci a can ƙasar Kwararrafa, kudu da Barno, sai ma'aikatar Paparoma mai kula da yaɗa addini ta aiko waɗansu ruhubanawa biyu na ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Jenowa da Severino mutumin Silesiya, waɗanda suka taso daga Tarabulus cikin ayarin fatake, suka ratsa Fazzan, suka sauka Agadas, daga nan suka gangaro Katsina, inda ciwo ya kama su, ajali ya riske su duka biyu a shekarar 1711, ba su kai inda suka nufa ba, ba su gina ko da rumfa ba, ba su bar almajiri ko ɗaya a bayansu ba. Wani falke Musulmi ne ya koma da labarin rasuwarsu Tarabulus. Wannan Katsina ita ce wadda, bayan kusan ƙarni guda, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci a ƙarƙashin tutar Malam Ummarun Dallaje a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi gudun hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar fada a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau sarautar garin take amsa sunan Katsina. Saboda haka in an bi salsala, gidan sarautar da ruhubanawan nan suka mutu a ƙasarsa shi ne ya karɓi baƙuncin magadansu bayan shekara fiye da 200.

Da Faransawa suka mallaki ƙasar, mai karatu zai iya zaton cewa sun zo da limamansu a gaba, kamar yadda ake faɗa a bakin kasuwa, amma al'amarin bai kasance haka ba. Daular Faransa ta raba addini da mulki tun dokar 1905, kuma kwamandojinta a ƙasashen Musulmi sun fi son zaman lafiya da sarakuna da malamai, waɗanda ta hannunsu ake tara haraji da 'yan aikin tilas, bisa ga wa'azin da zai iya tada ƙura. Waɗanda suka riga kowa a wannan zamani ma ba Katolika ba ne, 'yan mishan ɗin SIM ne masu jin Ingilishi, waɗanda suka shigo daga Najeriya suka zauna Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibirin Gobir a 1927, daga baya suka gina asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. Su kam da Hausa suka yi wa'azi tun farko, suna riƙe da Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassararsa a 1932, don haka suka sami mabiya cikin Hausawa 'yan ƙasa. Katolika kuwa sai a 1931 Fada François Faroud, na ƙungiyar SMA wadda aka kafa a birnin Liyon a 1856, ya zauna a Yamai. A 1942 Roma ta ware ƙasar ta naɗa shi wakilinta, sa'an nan a 1948 aka miƙa ragamar ga ruhubanawan Redemptoris, a ƙarƙashin Constant Quillard, kuma a zamaninsu ne, cikin shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, ikilisiyar Maraɗi ta tsaya da ƙafarta.

A nan ya kamata a dakata a tambaya, su wane ne suka cika sahun wannan majami'a a farkonta, domin amsar ita ce mabuɗin tarihin gaba ɗaya. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka kwashe mutane aka hau da su tudu, aka tsaga sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Kuma wannan ya zo daidai da lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli da kantuna, Alhazan Maraɗi suka fara tara dukiyar da ta yi musu suna. Gyaɗa tana bukatar mai auna ta, da mai rubuta nauyinta, da mai buga waya, da mai riƙe littafin baitulmali, alhali kuwa 'ya'yan ƙasa da suka yi karatun boko a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Sai aka ɗebo akawuna da malaman makaranta da malaman asibiti da kafintoci da makanikai daga Dahome da Togo, inda makarantun mishan suka kafu tun da limaman SMA suka sauka Wida a 1861, da kuma waɗansu daga ƙasar Mosi. Mafi yawan mutanen nan Katolika ne tun daga gidajen iyayensu, suna da 'ya'yan da za a yi wa baftisma, da auren da za a ɗaura, da mamatan da za a yi wa addu'a a binne bisa ƙa'idar addininsu. Domin su aka fara aiko fada, wato limamin Katolika, Maraɗi. Bilhasali majami'ar ta tashi ne a matsayin masaukin baƙi, harshenta Faransanci, waƙoƙinta na bakin teku, kuma Bahaushen da ke wucewa ta ƙofarta yana ɗaukarta abin Turawa da ma'aikatansu.

Raunin irin wannan gini bai daɗe bai bayyana ba. Shekara uku bayan samun mulkin kai na 3 ga Agusta 1960, jayayya ta tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, har a ƙarshen 1963 gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, dubban mutane suka ɗaure kayansu suka koma gida da matansu da 'ya'yansu. Ga gwamnati wannan mas'alar siyasa ce. Ga majami'un Katolika kuwa, cikinsu har da ta Maraɗi, tamkar rumbu ne da aka buɗe gindinsa, domin waɗanda suka tafi su ne masu waƙa, su ne masu karantar da yara addini, su ne masu zuba kuɗi a faranti. Daga baya waɗansu baƙin suka maye gurbinsu, musamman Ibo 'yan kasuwa daga Najeriya masu cinikin kayan mota da magani da ƙarafa, da 'yan Burkina Faso, da 'yan Benin da Togo na sabon zamani, amma ɗabi'ar jama'ar ba ta sake ba: mutum ya zo, ya yi shekara biyar ko goma, a canja masa wurin aiki ko ciniki ya mutu, ya tafi, wani ya zo.

Mutumin da ya fuskanci wannan hali ya yanke shawara a kansa shi ne Hippolyte Berlier, wanda ya zama bishop na farko lokacin da aka ɗaukaka Yamai ta zama dayosis a 1961, ya riƙe har 1984. A zamaninsa aka yi babban taron bishop-bishop na duniya a Batikan, wanda a ranar 28 ga Oktoba 1965 ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda cocin Katolika ta bayyana a hukumance cewa tana ganin girman Musulmi, ta kuma yi kira a bar gabar da ta wuce a nemi fahimtar juna. Tafarkin da cocin Nijar ta bi tun daga nan shi ne zama cikin mutane da yi musu hidima, ba tare da sa sharaɗin shiga addini ba, tafarkin da ya yi kusa da na Charles de Foucauld, ruhubanin da ya zauna cikin Buzayen Tamanrasat har aka kashe shi a 1916. Da wannan niyya aka buɗe tasha a Cirozerin cikin Abzin, da wata ƙarama a Barmo, arewa da Dakwaro, cikin Fulani Woɗaaɓe masu bin shanu. Akwai waɗanda suka soki wannan hanya cikin Kiristoci kansu, suna cewa an bar wa'azi an koma aikin ofishin agaji. Akwai kuma cikin Musulmi masu cewa agajin ƙugiya ce aka rufe da tsoka. A ganina duka ɓangarorin biyu ba su yi wa al'amarin adalci ba, hujjata kuwa ita ce lissafi: bayan shekara sittin ana wannan hidima, Katolika ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, 'ya'yan Musulmi masu yawa sun fita daga makarantun mishan suna salla biyar kamar yadda suka shiga, kuma hidimar ba ta tsaya ba. Wanda ke neman riba da ya ga haka da tuni ya naɗe tabarmarsa.

Shekarun fari ne suka gwada wannan niyya. An yi na 1973 da 1974, wanda ya halaka dabbobin arewa ya kuma taimaka wajen faɗuwar Diori. An yi na 1984, wanda mutanen ƙasar Maraɗi suke kira El Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, hatsi ya ƙi shigowa. Sa'an nan aka yi na 2005, bayan ƙarancin ruwa da fara, lokacin da likitocin MSF suka yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, har da cibiya a Dakwaro. A wannan shekara ta 2005 cocin ta haɗa ma'aikatunta na agaji da na raya karkara suka zama CADEV, wato reshen Caritas na Nijar, wanda aikinsa ya shafi rijiyoyi, da rumbunan tsimi inda ake sayen gero da kaka a sayar wa talaka da rahusa a tsakiyar damina, da ciyar da yara. Wanda ya taɓa tsayawa a irin waɗannan cibiyoyi ya san yadda abin yake: mata na zaune a inuwa tun hantsi, kowace da goyo, waɗansu sun taso tun asuba a amalanken shanu, ma'aikaciya ta kama hannun hagu na yaro, ta zagaya wani siririn ma'auni mai launi uku a tsakiyar damtsensa, in ya tsaya a kore a sallami uwar da nasiha, in a rawaya a ba ta gari, in kuwa ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, to, a rubuta sunansa a fara ba shi abincin gyaɗar nan na cikin leda. Ba a tambayar uwar addininta, ita ma ba ta tambayar na mai awon, abin da ke gabansu duka biyu shi ne numfashin yaron.

Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar Maraɗi, sunan da ya wajaba a ambata shi ne na Uwa Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, wadda ta taɓa shugabantar wata babbar ƙungiyar mata masu zuhudu a ƙasarsu, ta bar wannan daraja ta zo nan a 2006 ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna Fraternité des Servantes du Christ, da mazauni a Tsibiri da cibiyar ciyar da yara a Ɗan Bako. Hikimarta ita ce ba ta tsallake masu gari ba. Takan tara hakimai da masu unguwanni da limamai da mata wuri guda a tattauna mas'alar aurar da yarinya tun ba ta yi ƙwari ba, da ciwon yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, da sa 'ya'ya mata makaranta, ta bar malamai su kawo hujjojinsu daga cikin littattafansu, domin ta fahimci cewa maganar da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a ta fi tata isa cikin gidaje. Ta rasu a 2021, ƙungiyar kuwa tana nan.

A ranar 13 ga Maris 2001 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya raba Nijar gida biyu, ya kafa dayosis ta Maraɗi, ya naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, bishop na farko, ta haka majami'ar Notre-Dame de Lourdes ta tashi daga ɗakin ibadar akawuna ta zama kujerar bishop. Ƙasar da aka danƙa masa ta haɗa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Difa da Agadas, kimanin murabba'in kilomita miliyan 1, wato kusan ninki biyu na faɗin Faransa, amma ikilisiyoyin da ke cikinta ana iya ƙirga su da yatsun hannu biyu, irin su Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni da Agadas da Arlit, tsakanin wata da wata tafiyar yini. A garuruwan da babu fada, 'yan Katolikan da ke wurin, ko da ba su fi gida huɗu ba, sukan taru a ɗakin ɗaya daga cikinsu, wani ya karanta nassi ya ja addu'a, su jira ranar da motar fada za ta biyo. A Maraɗi kanta, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum 267,249, safiyar Lahadi tana da nata fasali: babura jere a jikin bango, mata da atamfa da ɗankwali, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sojoji da 'yan duwan da aka aiko daga yamma, ana jan ibada da Faransanci, ana sako waƙa da Hausa ko da harsunan bakin teku, ana kaɗa ganga da caki, a bakin ƙofa kuwa mai shayi da mai ƙosai da almajirai, dukansu Musulmi, suna jiran a tashi.

Ba zai yiwu a rubuta wannan tarihi a tsallake ranakun fitina ba. A watan Nuwamba na 2000, sa'ad da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, masu tarzoma a Maraɗi suka afka wa mashaya da gidajen mata da 'yan bori, suka ƙona majami'ar Vie Abondante, suka taɓa harabar SIM. A ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka ƙona mishan ɗin Katolika ta Damagaram da makarantarta, ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja; kashegari wutar ta kama Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45, mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. A watan Yuni na 2019 kuma aka ƙona majami'ar Assemblées de Dieu a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan kama wani limamin masallaci. Zafin da Musulmi ya ji a kan cin mutuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zafi ne na gaskiya, ni ma na ji shi; amma ban san wani babi a Risala ko Muhtasar da ya halatta a kama maƙwabci da laifin wani mutum da ke wata ƙasa ba, balle ma jaridar da ta yi zanen ba ta bar Paparoma da cocinsa ba wajen izgili. Masu sira sun rawaito cewa Sahabbai sun sami mafaka a wurin Najjashi na Habasha, Kirista, kuma wakilan Nasaran Najran sun sami masauki da alkawarin aminci a Madina. Waɗanda suka riƙe wannan sunna a ranakun nan su ne Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu har ƙura ta lafa, kuma da yawa cikin Kiristocin da suka tsira sun shaida haka da bakinsu.

Abin da ya rage wa ikilisiyar Maraɗi, wanda shugabanninta ba su ɓoye shi ba, shi ne har yanzu saiwarta ba ta shiga ƙasa sosai ba. Limamanta mafi yawa daga waje suke zuwa, kuɗin ayyukanta ma haka; Bahaushen da ya nemi shiga sai ya yi shekaru yana koyon addini kafin a yi masa baftisma, yana sane da cewa al'amarin zai taɓa gadonsa da aurensa da wurin da za a binne shi, shi ya sa irinsu kaɗan ne. A yammacin ƙasar, cikin Gurmawa, abin ya bambanta, har suka fitar da Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, wanda ke riƙe da Yamai tun 2014. A kudancin iyaka ma ya bambanta, domin Maguzawan ƙasar Malumfashi da kewaye sun ba cocin jama'a masu Hausa a matsayin harshen uwa, kuma da aka kafa dayosis ta Katsina a watan Oktoba na 2023, wanda aka naɗa mata, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi ne. Tsakanin kujerarsa da ta Maraɗi bai kai tafiyar kilomita 100 ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, sai dai ɗaya tana rubutu da Ingilishi ɗaya da Faransanci.

A shekarar 2024 Bishop Ambroise ya sauka saboda shekaru, bayan ya riƙe kujerar shekara 23, Paparoma Faransis ya naɗa Ignatius Anipu, ɗan arewacin Gana, daga ƙungiyar ruhubanawan da ake kira Pères Blancs, mutumin da ya yi karatun Larabci da ilimin Musulunci, ya kuma shugabanci cibiyar horo kan mu'amalar Musulmi da Kirista a Bamako. Ya karɓi dayosis a lokacin da hanyoyin Madarumfa da Gidan Rumji suke fama da ɓarayin daji masu satar mutane, tallafin ƙasashen Turai ya ja baya tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, limamai Turawa kuma ba sa iya fita ƙauyuka ba tare da rakiyar soja ba, musamman tun sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, wanda ya yi shekara biyu a hannun masu bindiga kafin a sake shi a Mali. Saboda haka aikin karkara, daga Tsibiri har zuwa ƙauyukan Kwarnaka da Dakwaro, ya koma wuyan limamai da mata masu zuhudu 'yan Afirka, da ma'aikatan CADEV, waɗanda da yawa daga cikinsu Musulmi ne 'yan ƙasar.